Cikin Tsumma a Maraɗi, Cikin Gaske a Gida

Tunda na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A wurin awo a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har ɗan acaɓan da ke kai ni aiki sai da ya waiwayo ya ce, "Sista Rabi, wai da gaske ne ƙasar waje aka kai ku don ku yi wasan 'yar tsana?" To na gaji da ba kowa guntu-guntu. Ga shi nan gaba ɗaya, daɗin da akasinsa, in ya so a bar ni in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ungozoma ce a wani ɗan asibiti can bayan Bakori, inda kwalta ta ƙare. An zaɓe ni ne tare da wata abokiyar aiki ta Funtuwa, Sista Ngozi, mu je horo a kan hawan jinin masu ciki da jijjigar da yake kawowa, wadda tsofaffinmu ke kira taune-taune. Ngozi kuwa a Funtuwa aka binne cibiyarta, babanta mai sayar da kayan gyaran mota ne, kuma Hausar bakinta ta fi tawa kaifi, musamman wajen tsiya.

Na bar 'yata ta fari a gida, ta zo goyon ciki, cikin kuma ya tsufa. Inna, mahaifiyata, ita ta karɓe ta tun daga yaye ta raine ta a Danja kamar yadda aka saba, har yarinyar ta tashi tana ce mini Yaya. Ba na kiran sunanta. In tana tsakar gida ina ɗaki, in ta shigo gaishe ni kanta na ƙasa nawa na gefe. Ranar awonta ma nakan bar ta da Asabe, mataimakiyata, ni in ƙirƙiri zuwa rigakafi wani ƙauyen. Na lura ƙafarta ta ɗan hau, amma wace mai tsohon ciki ce ƙafarta ba ta hawa? Inna ta taho daga Danja ta tare a gidana saboda ita, na ce ai tana hannun uwarta, na ɗauki jakata.

Damina ce, masara ta rufe hanya hagu da dama. A Malumfashi muka sake mota, nan aka fara jarraba mu. Yaron mota ya cusa buhun busasshen barkono a bayan kujerarmu, bakin buhun kuma a yage. Tun kafin mu fita gari aka fara atishawa, wannan ya yi wancan ya karɓa, har direba. Ngozi ta ce, "Direba, in miya za ka yi da mu ka tsaya mu sayi tumatir mana." Ana cikin dariya wani dattijo ya ji ta ce mini Sista. Shi ke nan, mota ta koma asibiti. Shi ya nuna mana ƙurajen ƙafarsa, wata ta miƙo yaronta in duba masa kunne, wani can baya ya ce matarsa tana gida ba ta jin daɗi, wane magani zai saya. Na ce me ke damunta? Ya ce, "Wallahi ba ta faɗa ba, ni dai na ga ba ta jin daɗi." Haka muka yi ta aikin kyauta har Katsina.

Daga Katsina sai Jibiya, sai bakin iyaka. Nan kowa zai sauka ya taka da ƙafa. A ɓangarensu wani jandarma dogo ya duba takardar Ngozi, ya duba fuskarta, ya yi mata Faransanci. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka sauko da shi ƙasa, ni 'yar Funtuwa ce." Mutumin ya saki baki. Ya ce to in da gaske ne ta faɗa masa abin da ake sa wa miyar kuka ta yi daɗi. Ta ce daddawa da man shanu, da kuma miji mai kawo cefane. Sai da ya dafa bango don dariya, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji, sannan ya miƙo mana takardunmu yana sa mana albarka.

Masaukinmu a Maraɗi wani gida ne mai ɗakuna a jere, mu biyu a ɗaki. Da safe aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa ya nemi ya tafi da haƙorina na gaba. Ngozi ta ce in ajiye nawa ko da kare zai biyo mu. Shayinsu kuwa ɗan mitsitsin kofi ne, baƙi ƙirin, na raina shi na sha uku a jere, na wuni zuciyata na dakan sakwara. Amma fa a gaishe su wajen fura da gasasshen nama, nan ba ni da ta cewa. Wani abin kuma, rana na take tsaka sai gari ya yi tsit, kowa ya rufe ya je ya kwanta. Na tsaya ina buga ƙofar wani kanti in sayi sabulu, maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Hajiya, daga Nijeriya kike ko?" Na ce yaya aka yi ka sani? Ya ce mu kaɗai ne ba mu san hutu ba.

Mai koyar da mu Madam Rakiya ce, wata gajeruwar mata mai fara'a. Ran farko muna tsaye a ƙofa sai ga ta a kan babur ɗinta, ita ke tuƙi, hijabi na kaɗawa. Na ce tabɗi, wannan da a garinmu ne da yara sun bi ta har gida.

Ɗakin horon kamar an ɗauko asibitina an ajiye: gadon ƙarfe, bokiti, babu wuta, da gangan ma aka kashe ta. 'Yar tsanar da ake ta tambaya ta, eh, akwai ta, ƙatuwa, daga Turai. Tana kwance a lungu an lulluɓe ta da zane, wani abu ya lalace a cikinta kuma ba a samu mai gyara ba. Hajiya suke ce mata, kowa ya shigo sai ya gaishe ta. Abin da muka yi aiki da shi ciki ne na tsumma, wani tela ya ɗinka, a ɗaura wa ɗayarmu a ƙugu ta zama mai ciki. Ta ɗan guntsi man goge baki saboda kumfa. Madam na tafa hannu sai ta hau jijjiga, ku kuma ku san yadda za ku yi.

Karon farko da aka sa ni, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na san wasa ne, na san matar nan yanzu muka gama cin gyaɗa tare, amma tana fara karkarwa kaina ya ɗauke. Ban juya ta gefen hagu ba, ban kira kowa ba, wayata na lalubo in kira mai mota, don abin da hannuna ya saba ke nan: a tura Funtuwa. Bayan an gama aka nuna mana hoton bidiyon a waya, na ga kaina ina zagaye gado kamar kazar da ta ɓatar da 'ya'yanta. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, don a gida da babbar sista ta wanke ni tas a gaban marasa lafiya. Madam kuwa kujera ta jawo ta ce, "Mi kika ji a ranki lokacin?"

Na ce tsoro. Na faɗa mata gaskiya, allurar magnesiyam ɗin nan da ke tsayar da jijjiga muna da ita a kabad, amma ba na kusantar ta, don tun muna makaranta ake tsorata mu cewa in ta yi yawa numfashi take ɗaukewa. Madam ta ce wa kuma ke tsoronta, sai ga hannuwa suna tashi, 'yan Nijar da 'yan Nijeriya, ashe duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Daga nan aka shiga maimaici da kwalaben ruwa a madadin maganin. Kira taimako. Juya ta hagu. Kada a sa mata komai a baki. Wata allurar a jijiya a hankali, wata a ɗuwawu hagu da dama. A duba numfashi, a ƙwanƙwasa gwiwa, a lura da fitsari. Muka yi ta yi har na fara zuƙo allura ina hira.

Ana gobe za a rufe horon aka ɗaura wa Ngozi cikin tsumma, wai ita ce mai cikin fari da aka kawo awo, ni kuma uwarta. Ngozi ta shigo tana riƙe da kai tana kururuwa, "Wayyo kaina! Idona yana ganin wuta-wuta!" Nan da nan masu aiki suka auna ta, suka gano, aka tafa musu.

Bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Madam, wannan ba 'yar garinmu ba ce. Wace mai cikin fari ce za ta buɗe baki ta ce kanta na ciwo, a gaban uwarta kuma? Ko kan zai rabe biyu, lafiya lau za ta ce."

Madam ta ce, "Nan ma haka ne. To ku sake, ku yi muna shi yadda yake."

Aka kawo wasu masu aikin da ba su ga na farko ba. Ngozi ta ja mayafi ta rufe fuska, ta zauna a bakin gado tana wasa da yatsu. Yaya jiki? Lafiya lau. Akwai inda ke ciwo? Ta girgiza kai. Ni kuma na yi abin da uwa ke yi, na zauna a waje bakin ƙofa na juya baya. Da ɗaya ta leƙo ta tambaye ni ko ɗiyata na koke da wani abu, na ce, "Ni ina zan sani? Ku tambayi kakarta." Ɗaki ya kwashe da dariya, don kowa ya ga uwarsa a jikina. Masu aikin suka shafa ciki, suka ga layi na jira, abin awon jini kuma an ce yana ɗaya ɗakin, suka ce ta dawo wani makon. Ngozi ta miƙe, tana kaiwa ƙofa Madam ta tafa hannu. Ta zube a gabana tana jijjiga, kumfa na fita.

Ban san lokacin da dariyata ta tsaya ba. Ana ta guje-guje a kanta, ni ina zaune kamar an dasa ni. Da aka gama, Ngozi ta goge bakinta, ta matso kusa da ni da cikin tsummanta, ta yi ƙasa da murya. "Rabi, yaushe rabon da ki auna Zainabu da hannunki?"

Ita ba ruwanta, gatsau take kiran sunan. Na ce ban taɓa ba.

Na fita na kira Inna. Ta ce lafiya ƙalau suke, sai dai zoben yarinyar ya matse sun cire da sabulu, fuskarta ma ta yi ɓul-ɓul, alamar namiji ne. Na ce tana ina? Ta ce tana ɗaki ta rufe taga, wai haske ya dame ta. Na ce a ba ta wayar. Na ji numfashinta kafin muryarta.

"Yaya, ina wuni."

"Kanki na ciwo?"

Ta ce, "Lafiya lau."

Na kira Asabe na ce ta bar duk abin da take yi ta je gidana da abin awo. Da ta kira ni ta ce jinin ya hau sosai. Ta ba ta ƙwayar saukar da jini, na ce a wuce da ita Funtuwa yanzu. Ina! An yi ruwa rafi ya kawo, magariba ta gabato, kuma kun san halin da ake ciki, ba mai abin hawan da zai bi hanyar nan in rana ta faɗi. Mijinta yana gona can wajen Malumfashi, wayarsa ba ta shiga. Inna kuma ta kafe, ba za ta fita da matar mutane ba da izininsa ba. Na yi faɗa, na yi magiya, har na ɗaga wa mahaifiyata murya, Allah ya yafe mini. Iyaka kuma an rufe sai safiya.

Da gari ya waye na je na sallami Madam. Na ce takardar shaidar ma a bar ta. Ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Tafi. Hannunki ya riga ya iya, ki bar shi ya yi." Ina fitowa na tarar da Ngozi a bakin ƙofa da jakarta. Na ce ke kuma fa? Ta ce, "Wa zai riƙe miki ƙafafu? Wuce mu tafi, sarkin kunya."

Komowar nan ba ni da labarinta. Ban san wa ya zauna kusa da ni ba, ban san ko mun ci abinci ba. Na dai san na yi ta kiran gida. Inna ta ce yarinyar ta tashi garau har ta sha kunu, tunda ina hanya a jira ni. Na ce wa Asabe ta buɗe kabad ta ɗauko allurar nan da sirinji ta zauna a gidana kada ta motsa. Ta ce, "Sista, ni fa tsoronta nake ji." Na ce na sani, ki dai riƙe.

Bayan la'asar 'yan acaɓa suka sauke mu. Tun daga zaure na ji salati da ƙaurin turare. Tsakar gida cike da maƙwabta, wata na tofa addu'a, wata na cewa iska ce a kira malam. Yarinyar tana ƙasa a kan tabarma tana jijjiga, idanu sun juye, Inna ta durƙusa da cokali tana neman cusa mata a baki. Asabe na rakuɓe a bango da kwalin allurar a hannu tana hawaye.

Wallahi ban yi tunanin komai ba. Na ji bakina yana cewa, "Inna, cire cokalin nan! Ku ba ta iska! Ngozi, hagu!" Muka juya ta. Na ce wa wata maƙwabciya ta ruga ta nemo mota, na ce wa Asabe ta haska mini hannu ta riƙa duba numfashi. Jijjigar na lafawa na sami jijiya, na tura maganin a hankali, ina kiran sunanta da ƙarfi ko za ta ji ni. Sannan na yaye zanen 'yar da ban taɓa kallon cikinta ba na yi mata sauran. Wata tsohuwa ta ce, "A'a, uwar ce da kanta?" Ngozi ta ce, "Baba, in ba za ki kama mana ba ki matsa."

A bayan a-kori-kura muka tsallaka rafin da ita, kanta a cinyata, yatsana a wuyan hannunta. Jijjigar ba ta dawo ba. A babban asibiti a Funtuwa suka karɓe ta da gudu aka shiga tiyata. Mijin ya iso da taɓon gona a ƙafa, ya tsuguna a baranda.

Namiji ne, kamar yadda Inna ta ce. Bai zo da rai ba. Likita ya ce mahaifa ta riga ta saki tun kafin mu iso. Ni na karɓe shi na naɗe, kyakkyawan yaro mai gashi, na miƙa wa ubansa. Inna ta zauna a ƙasa tana cewa ita ta jawo. Na zauna kusa da ita na ce ta bari, abin da aka koya mata ta yi, kuma da shi ta raine mu duka. Mun yi kuka tare, ni da ita, ba mai rarrashin wani.

Da aka sallame mu na kafa doka a gidana. Ba kunun kanwa, ba ruwan wanka mai ƙuna, don jinin bai gama sauka ba kuma jijjiga kan iya dawowa bayan haihuwa. Tsofaffi suka yi ta gunaguni, na toshe kunne. Safe da yamma nakan shiga ɗakinta da abin awo. Ta miƙo hannu fuskarta na bango, in tambaya ta ce lafiya lau, in fito ban san ko gaskiya ba ne. Wannan lafiya lau ɗin ta fi komai ci mini rai. Ina iya auna jini, amma ciwon kai da ganin wuta-wuta sai mai shi ya faɗa.

Rannan da hantsi ina ɗaki ina ninke kaya sai na ji motsi a bakin ƙofa. Na ɗauka Asabe ce. Labule ya ɗaga, sai ga ta, ta rame, tana dafe da bango. Ta shigo ta zauna a bakin gadona, inda ba ta taɓa zama ba. Ta naɗe hannun rigarta ta miƙo mini.

"Yaya," ta ce, "yau kaina yana ciwo. Nan, ta gefen nan."

Shekara da shekaru ina aikin asibiti, ban taɓa jin daɗin wani ya ce mini ba shi da lafiya ba sai ranar. Na ɗauko abin awon, hawaye ya hana ni ganin lambobin, sai da na goge ido da bakin zane na sake hurawa.